Ɗakin Amarya Ba Shago Ba Ne

A harshen Hausa, kalmar "ɗaki" ba gini kaɗai take nufi ba. Idan aka ce yarinya ta tafi ɗakinta, aure ake nufi. Idan aka ce ta zauna ɗakinta, haƙurinta ake yabo. Shi ya sa nake ganin sabuwar ɗabi'ar nan ta mayar da ɗakin amarya allon talla ba ƙaramin al'amari ba ce.

Mai karatu ya san yadda abin yake, tun daga birnin Sakkwato har Tambuwal da Kebbe. Uba zai daɗe yana tari, wani ma ya sayar da sa ko buhunan gero, ya sayi gado da katifa da kujeru da madubi. Ranar jere sai kafinta ko mai shago ya zo da yaransa su haɗa kaya. Kafin su fita an zaro waya an ɗauki bidiyo har ƙuryar ɗaki, kafin magariba ya hau Facebook ko TikTok, da lambar shago a ƙasa.

Ɗan kasuwa yana da hujjarsa, kuma ban raina ta ba. Mutane sun gaji da hotunan kayan Turkiyya da ake kwasowa daga intanet, a kawo musu abin da bai yi kama da su ba. Ganin aikin kafinta a ɗakin gaske ya fi gaskiya. Ko kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, bayan shekara 70 yana buga kundin hotunan kayansa, ya sanar da daina bugawa a Disambar 2020, domin masu saye sun koma intanet.

Inda gizo ke saƙa shi ne izini. Za a ce ai an tambaya, an ce "ba komai". To, wa aka tambaya? Galibi wata gwaggo ce da hidima ta sha wa kai, ba amarya ba, ba ango ba. Sannan duk wanda ya nazarci maganar Bahaushe ya san "ba komai" a bakin mai kunya sau da yawa ba yarda ba ce, rashin iya cewa a'a ne. Al'ummar da ta gina zaure don baƙo ya tsaya, ta rubuta "ba shiga" a ƙofa, yau ga dubban idanu sun wuce har bakin gado babu ko sallama.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuwa ta fayyace cewa shiru ba yarda ba ne, kuma wanda ya yarda yana iya janyewa. Da zarar hoton ma'aurata a bango ko sunan amarya ya fito a bidiyo, magana ta wuce ta katako.

Ga kuma gasar da ke karya ƙashin bayan talaka, domin 'yar maƙwabci ta gani. A yankin da masu garkuwa da mutane suka addaba, nuna wa duniya abin da gida ya mallaka ganganci ne.

Shawarata ga masu sana'ar: su ɗauki hoton kaya a shago tun kafin a loda a mota. Wanda ya nace sai ɗakin gaske, ya nemi yardar amarya da ango a rubuce bayan biki ya lafa, ya ɓoye suna da unguwa, kuma ya rage musu kuɗin kaya, tunda ɗakinsu ne zai jawo masa ciniki.