Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A watan Oktoba na shekarar 2018, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke birnin New York ya sayar da kwalba ɗaya ta giyar inabi a kan dala 558,000. Wani abokin aikina ne ya tuna mini da labarin kwanan baya a ofis, yana jinjina almubazzarancin masu kuɗin duniya. Ban musa masa ba. Giya haramun ce a addininmu, ba mu sha, ba mu sayarwa. Sai dai da na koma gida, wata tambaya ta hana ni sakat: me ya sa ruwan inabin da aka tatsa tun 1945 ya kai wannan daraja, alhali zumar Faskari, wadda halal ce kuma magani, ake tallarta a tsohuwar gorar ruwa ba suna ba asali?

Kwalbar ta fito ne daga wata gona mai suna Romanée-Conti, a ƙauyen Vosne-Romanée na yankin Burgundi da ke gabashin Faransa. Faɗin gonar bai cika hekta 2 ba, wato da yawa daga cikin manomanmu na Sabuwa sun fi ta fili. Inabin da ake shukawa a cikinta shi ake kira pinot noir, iri ne mai siririn ɓawo da wuyar sha'ani, ba ya jure zafi mai tsanani ko ruwa mai yawa. A 1945 kwalabe 600 kacal gonar ta bayar, daga nan aka tumɓuke tsofaffin itatuwan saboda wani ƙwaro mai cin saiwa, ba a sake samun amfaninta ba sai 1952.

Masu wannan sana'a sukan zuba ruwan a gangar katako fiye da shekara guda, sannan su ɗura a kwalba, su kwantar da ita a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu da sanyin da ba ya hawa ba ya sauka. Masu ɗanɗano kuma suna da ƙa'ida: su duba launi, su shinshina, su kurɓa, su rubuta abin da suka ji. A cewarsu, ƙamshin 'ya'yan itace ne ke fara fitowa, in shekaru suka tura sai ya juye ya koma na ƙasa da busasshen ganye. Sun kuma yarda cewa mafi yawan giya ba ta ƙaruwa da komai in ta tsufa, lalacewa take yi. Wadda aka yi da kyau tun farko ce kaɗai ke jure shekaru.

Wannan batu na ƙarshe shi ya mayar da ni ɗakin kakata. Na tashi a wani ƙauye da ke ƙasar Faskari, kuma a ƙarƙashin gadonta akwai wani ɗan tulu da aka liƙe bakinsa da yumɓu. Ba a buɗe shi sai wani ya kwanta ciwo, ko mace ta haihu, ko yaro ya ƙone. Zumar ciki ta yi duhu, ta yi kauri, ƙasanta ya daskare kamar mazarƙwaila. In ta ɗiba da tsinke ta ɗora a harshe, takan faɗi itacen da ƙudan ya sha furensa da kuma shekarar da aka ɗebo ta: wannan ta ɗorawa ce, ta shekarar da aka yi wa wane aure. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma abin da take yi shi ne ainihin abin da Faransawa suka mayar ilimi mai takardar shaida.

Mutanenmu sun san cewa zuma ba ɗaya ba ce. Ta ɗorawa daban, ta kaɗanya daban, ta marke daban, wadda ƙuda ya yi lokacin furen dogonyaro kuma tana da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Sun san farar saƙa, sun san wadda hayaƙi ya yi wa yawa garin ɗiba. Mai amya ya san bishiyar da zai rataya amyarsa, da turaren da zai yi mata don ƙuda ya shiga, da daren da ya dace ya hau.

Kimiyya ta tabbatar da wani ɓangare na hikimar tulun kakata, ta kuma gyara wani. Ƙudan zuma ba ya rufe saƙarsa da kaki sai ya busar da ruwan ciki ya sauko wajen kashi 18 cikin 100, kuma ma'aunin abinci na duniya bai yarda ruwan zuma ya wuce kashi 20 ba. Irin wannan zuma takan yi shekaru ba ta lalace ba, matuƙar an rufe ta an nisanta ta da zafi da laima. Wadda aka ɗebo ba ta nuna ba, ko aka matse ta tare da 'ya'yan ƙuda, ko aka ƙara mata ruwa, kafin shekara ta zagayo za ta yi kumfa ta yi tsami. Daskarewa kuwa ba alamar algus ba ce kamar yadda mutane da dama suka ɗauka, ɗabi'ar sukarin da ke cikin zuma ce. Gyaran da kimiyya ta yi shi ne: shekaru ba su ƙara wa zuma sinadarin magani, zafi da daɗewa ma rage wasu suke yi. Abin da shekaru suke yi shi ne tona asiri. Zumar da ta shekara biyar a tulu ba ta yi tsami ba, ta ba da shaidar kanta cewa ta gaskiya ce. Ina jin nan ne karin maganar da ta ce da tsohuwar zuma ake magani ta samo ƙarfinta.

Yau wannan shaida tana neman gagararmu, saboda dalilai biyu. Na farko daji. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna bakin dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari, kuma can ne manyan itatuwan suke. Duk wanda ya san yankin ya san abin da ya same shi. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama. Mutumin da bai iya zuwa gonarsa da rana tsaka, ta yaya zai hau bishiya cikin daji da tsakar dare riƙe da wuta? Wani ɗan'uwana da ya gaji amya fiye da ashirin daga mahaifinsa ya bar su a rataye, yau yana tura baro a Funtuwa. 'Ya'yansa ba su san yadda ake saƙa amya ba. Itatuwan da ke kusa da gari kuma masu gawayi suna ta kayar da su.

Dalili na biyu amana. Da zumar gaskiya ta yi wuya, sai ta jabu ta cika tasha: a dafa sukari har ya yi ja, a jefa guntun saƙa da mataccen ƙuda a kai don a ruɗi mai saye. Ni kaina an yi mini haka a bakin wata hanya, na kai wa mahaifiyata tsaraba, ta lasa sau ɗaya ta ture kwalbar ba ta ce komai ba. Gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa da ake yawan yi ba su da tabbas. Masu giyar ma ba su tsira ba, domin a 2014 wata kotu a Amurka ta ɗaure wani mai suna Rudy Kurniawan shekara 10 saboda haɗa giyar Burgundi ta jabu. Abin da ya tona shi rubutu ne: ya fitar da kwalaben wasu shekarun da littafin masu gonar ya nuna ba a yi irinsu ba.

Darasin ke nan. Abin da aka saya a New York suna ne da shekara da amana. Tun 1935 Faransa ta yi dokar da ta ɗaure sunan amfanin gona da ƙasar da ya fito. Ba sai mun je Turai ba ma: a 2013 farar zumar Oku ta ƙasar Kamaru ta sami irin wannan rajista, zumar sidir ta kwarin Do'an a Yaman kuwa sunanta kaɗai ke sayar da ita a kasuwannin Makka da Madina.

Abin da nake ganin za mu iya farawa da shi bai fi ƙarfinmu ba. Masu amyar da suka rage su haɗu ƙungiya a kowace gunduma. Kowace kwalba a rubuta mata ƙauye, da itace, da wata, da shekara. A daina dafa zuma a wuta, a tace ta da sanyinta. Ƙungiya ta mallaki 'yar na'urar auna ruwan zuma, wadda ake riƙewa a tafin hannu. Mu malaman jami'a kuma, a Dutsinma da Katsina da Zariya, mu tura ɗalibanmu su zauna gaban tsofaffin da suka san zumar ɗorawa daga ta kaɗanya, su rubuta kalmominsu kafin ƙasa ta rufe musu ido. Hukuma kuma ta sani cewa duk wannan ba ya tsayuwa sai talaka ya iya shiga daji ya fito lafiya.

Na sa an nemo mini zumar bana daga hannun wani dattijo da na yarda da shi a ƙasar Sabuwa. Na zuba ta a kwalbar gilashi, na rubuta sunan ƙauyen da watan da aka ɗebo ta, na ajiye a ƙasan kabad. Na gaya wa yarana kada kowa ya taɓa sai bayan shekara biyar. In Allah Ya kai mu, ina fatan ranar da za a buɗe ta a sami wata sabuwa daga wannan dajin da za a gwada su.