Gwajin Maye A Kan Hanya: Ido Da Hanci Ba Su Isa Shaida Ba

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ke ci mana tuwo a ƙwarya, mu ƙananan 'yan kasuwa masu bin hanyar Kebbe zuwa Tambuwal da kuma babban titin Sakkwato zuwa Jega.

Kwanakin baya mun taso daga Kebbe da asuba da buhunan gero, muna sauri mu riski kasuwa. Direbanmu dattijo ne, shan inna ya ɗan taɓa masa ƙafa tun yana yaro, ga shi kuma da ciwon suga. A wani shinge aka tsayar da mu, ba zan faɗi na wace hukuma ba ne. Jami'in ya leƙa, ya ga idon dattijon ya yi ja, sai ya ce ya sauko ya yi tafiya a kan layi, sa'an nan ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ina mai ɗingishi ina tsayuwar zalɓe? Yana tangaɗi sai aka ce, "Ka sha!" Shi ko cewa yake, "Ranka ya daɗe, wallahi ban taɓa kai ta bakina ba, ƙafar ce haka Allah ya yi ta." Muka yi ta ba da haƙuri har rana ta take, kafin a sake mu kasuwa ta fara watsewa. Asarar cinikin ba ta dame ni ba kamar yadda na ga mutum mai jikoki yana share hawaye a gaban yaran motarsa.

Kada wani ya ɗauka ina goyon bayan mashaya ne. Allah ya kiyashe ni. Wanda duk ya taɓa taimakawa wajen ciro gawa daga cikin mota ya san direban da ya bugu makashi ne. Tambayata ita ce, da wane ma'auni ake gane shi?

Shi wannan gwaji na tafiya kan layi daga Amurka ya fito, kuma can ma yana da ƙa'ida. Iri uku ne: a bi alƙalami da ido, a yi taku 9 dunduniya na taɓa yatsu a juyo a yi 9, sai a tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30. Binciken da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta sa aka yi a 1981 ya nuna na ido yana yin daidai kashi 77 cikin 100, na tafiya kashi 68, na ƙafa ɗaya kashi 65. Wato a gwajin ƙafa ɗaya, cikin mutum uku ana kuskure a kan kusan ɗaya. Su da kansu sun yarda cewa wanda ya haura shekara 65, da mai ciwon baya ko ƙafa ko cikin kunne, da mai ƙiba sosai, suna iya faɗuwa alhali garau suke. Shi ya sa lauyoyinsu ke tsare ɗan sanda a kotu da tambayoyi: wurin a shimfiɗe yake? Akwai haske? Ka tambaye shi ko yana da ciwo? An koya maka gwajin? To, jama'a, in haka ne a titin da ya sha kwalta, yaya ke nan a gefen hanyarmu mai rami da tsakuwa, ga mutum da silifa, ga masu bindiga a kansa jikinsa na ɓari?

Jan ido kuwa, wane direba ne ba ya da shi a lokacin hunturu, ko bayan ya kwana yana tuƙi? Likitoci sun ce mai ciwon suga idan sugansa ya faɗi yakan yi layi, harshensa ya karye kamar wanda ya sha, idan kuma ciwon ya yi tsanani bakinsa yakan yi wani wari da wanda bai sani ba zai ɗauka na barasa ne. Irin wannan asibiti ya kamata a kai shi da gaggawa, ba bayan kanta ba.

A nan Jihar Sakkwato abin ya fi nauyi, domin tun da aka dawo da shari'ar Musulunci a 2000, Musulmin da aka tabbatar ya sha giya haddinsa bulala 80 ne, ban da zubewar mutunci, wanda ya fi bulalar ciwo. A ƙauye idan aka ce wane mashayi ne, har 'ya'yansa mata sai abin ya shafa ranar neman aure. Gaskiya ne a mazhabarmu ta Malikiyya ana karɓar shaidar wari, saɓanin Shafi'iyya. Amma malamai sun gindaya sharaɗi: sai adilai biyu da suka san warin giya sun shaida a gaban alƙali, kuma shubuha tana kawar da haddi. Ba hancin mutum ɗaya a bakin titi ba. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 36, cewa ya yi wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Dokar hanya kuma adadi ta yanka, giram 0.05 na barasa a cikin mililita 100 na jini. Ido bai ganin wannan, sai na'urar da ake busawa ko gwajin jini.

Ga inda gizo ke saƙar. Mu nan giya ba ita ce babbar matsalar tashoshinmu ba. Ƙwaya ce, taramol da 'yan'uwanta, da kodin wanda Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018. Yaron da ya haɗiyi taramol don kada ya yi barci ba ya warin komai, na'urar busawa ba ta kama shi, kuma sau da yawa zai taka layin nan tsaf ya shige motarsa ya ɗebi mutane. Ashe ke nan tarkon yana kama gurgu da mara lafiya, kura kuwa tana wucewa.

Don haka ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, da su haɗa kai da shugabannin direbobi su riƙa yin gwaji tun a tasha kafin mota ta ɗau fasinja, da na'ura da gwajin fitsari. Duk jami'in da ba shi da na'ura, in ya yi zargi, ya kai mutum asibiti mafi kusa a ɗebi jininsa a rubuta sakamako. Ciyamomin Tambuwal da Kebbe su ma su sa baki.

Ku kuma 'yan'uwana direbobi, kada ku yi gardama ko zagi a shinge. Mai ciwo ya riƙa yawo da katinsa na asibiti, ya faɗi ciwonsa tun kafin a ce ya taka layi, a gaban fasinjoji. Ya nemi a gwada jininsa nan take, don barasa tana fita daga jini da wucewar awoyi, gwajin gobe ba ya wanke kowa. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. In an je gaban alƙali, ya roƙi a tambayi jami'in a ina aka yi gwajin, ƙarfe nawa, da me aka auna, kuma su wa suka gani. Mu fasinjoji kuma mu daure mu tsaya shaida, kada kowa ya ɗauki buhunsa ya sauya mota.

Dattijon da na ba ku labari dai har yau bai koma bin hanyar ba, ya ba ɗansa motar.

 

Naku,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Tambuwal, Jihar Sakkwato.