Ruwan Jabel Ba Zai Wanke Gunti Yena Ba

Duk shekara idan sanyi ya shigo, salati ya cika kasuwannin Yamai, sai a aiko mana da sanarwa gidan rediyo mu karanta wa mata: ku wanke ganye da ruwan jabel, ku wanke hannu da sabulu. Na karanta ta da bakina ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Gaskiya ce, ban musa ba. Abin da ya ishe ni shi ne a ce iyakar abin da hukuma take da shi ke nan a kan abincin da muke ci ɗanye. A ɗora wa uwargida kaya a madafa, kowa ya kama gabansa.

Wanda bai taɓa bin Gunti Yena ba, ya je ya bi ta da ƙafa. Kwari ne da ya ratsa tsakiyar birni ya gangara kogin Isa, ɗauke da ruwan wanka da na wanki da abin da ya tsiyayo daga lambatu. A bakinsa lambuna ne kore shar. Mai lambu na ɗibar ruwan nan yana yayyafa wa salati da shu, ya ƙara da kashin kaji don taki, kajin da sau da yawa ake zuba musu magani cikin ruwan sha tun suna 'yan tsaki. Ba na ganin laifinsa. Ba shi da rijiya, ba shi da kuɗin famfo, ga iyali na jira. Amma ganyen salati yana da lungu da saƙo, kuma wanki na rage ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ya ƙarar da su.

Ran da na ɗauko zancen a shirina, wani dattijo ya bugo waya ya ce, "Ɗana, cikin talaka ya saba. Binciken nan naku na Turawa ne." Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma," na bar shi, don ba a jayayya da babba a iska. A nan kam zan amsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 600 a shekara, ya kashe 420,000, cikinsu 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. In an auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowa ɗanɗana kuɗa, da mace-mace 137,000. Cikin da ake cewa ya saba, na waɗanda suka tsira ne. Sauran ba su iya bugo waya.

Zawon ma ba shi ne ya fi tayar mini da hankali ba, sai abin da ke biyo bayansa. Ciki ya ɓaci, sai a kira mai tallar magani, ya sauke kwandonsa ya ba da kafso biyu ko uku, gwargwadon abin da ke aljihu. Kafson ya kashe raunanan ƙwayoyi, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Daga ciki su tafi masai, daga masai su bi lambatu, daga lambatu su hau salati, su dawo cikin kwano. Kuma ƙwayoyin nan kan miƙa wa junansu wannan taurin kai, ko da jinsinsu ba ɗaya ba ne. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, tun 1945 ya yi kashedi a kan shan maganin da bai kai ƙima ba.

Ga wanda ya ce wannan ciwon Turawa ne, a Maraɗi aka yi wani bincike da ya fito a 2011, a kan yara masu tamowa da aka kwantar. Kusan ɗaya cikin uku sun zo daga gida da ƙwayoyin da ba sa jin manyan magungunan da likita ke dogaro da su. Mujallar Lancet kuma ta buga a 2022 cewa ƙwayoyi marasa jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a shekarar 2019 kaɗai, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba.

Turawan ma abin na cin su, bambancin shi ne suna bin sawu. A 2011 wata ƙwayar E. coli ta kashe sama da mutum 50 a Turai, akasari a Jamus. Da fari aka ɗora wa kokwamban Sifaniya laifi, manoma suka yi asara a banza. Masu bincike ba su tsaya ba sai da suka kai ga tsiron hulba da aka shigo da irinsa daga Masar. Mu nan yaro ya yi amai da zawo ya tafi, a yi ta'aziyya, a ce kwana ya ƙare. Kwana na hannun Allah, babu shakka, amma ruwan lambatu na hannun magajin gari.

Ba abin a zo a gani nake nema ba. A riƙa auna ruwan da ake ban ruwa da shi, a faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa da Zabarmanci. A haƙa wa masu lambu rijiyoyi maimakon a kore su. A koya musu dakatar da ruwan lambatu 'yan kwanaki kafin girbi, dabarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin ƙa'idojinta tun 2006. Kafso kuma ya koma bayan takardar likita, ko da yake na san ba za a raba mutane da mai kwando ba muddin ganin likita ya fi ƙarfin aljihunsu.

Sanarwar jabel za ta sake zuwa bana, kuma zan karanta ta. Ina gamawa zan kira ofishin da ya aiko ta, kai tsaye a iska, in tambaye su ranar da suka yi wa ruwan Gunti Yena awon ƙarshe.