A Gyara Sanarwar Aikin Laburare

Jama'a, ku duba sanarwar neman ma'aikatan laburare da masu tattara alƙaluma a kwamfuta. Galibi wai sai da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. To, yaron da aka haifa a Sabon Ibadan ko Agege, ina zai samo ta? Nan a ce masa baƙo, can Arewa a ce ba a san gidansu ba.

Ga laburaren Jami'ar Ibadan na ajiye da tsofaffin littattafan Larabci rubutun hannu, irin waɗanda ɗan da ya haɗa allo da boko zai iya karantawa. Me zai hana a sa iya Larabci da ajami cikin sharuɗɗa? Hukumar Raba Daidai, wadda aka kafa a 1996, ta daure ta karɓi shaidar zaman gari.