"Sakacin ma'aikaci" ba bincike ba ne

Duk lokacin da hatsari ya auku a wurin aiki, tun hayaƙi bai lafa ba za ka ji an yanke hukunci: sakacin ma'aikaci ne. Sai a kafa kwamiti, a nemo wanda hannunsa ya taɓa na'urar a ƙarshe, a sallame shi, a rufe fayil. Masu wannan ra'ayi suna cewa in ba a hukunta wani ba, gobe wani zai maimaita. Ni ina ganin hanya ce ta binne gaskiya tare da gawarwaki, kuma Khartoum ta nuna mana haka.

Ranar 10 ga Yuni 2008, jirgin Sudan Airways ƙirar Airbus A310 da ya taso daga Amman ta Damaskus ya sauka filin jirgin saman Khartoum cikin ruwan sama, ya zarce ƙarshen titin sauka, ya kama da wuta. Mutum 30 suka rasu cikin 214. Mai neman wanda zai ɗora wa laifi ba zai wahala ba: matuƙan sun dire nesa da bakin titin, ba su kuma saita birkin da ke kama kansa ba. Amma rahoton binciken bai tsaya nan ba. Bayanin iskar da aka ba su ba daidai ba ne. Iskar tana bayansu tana ingiza jirgin, su kuwa ba su sani ba. Na'urar da ke juya ƙarfin injin don rage gudu, ta inji ɗaya a kashe take tun kafin a taso. Titin kuma a jiƙe, ga santsi. Da matuƙan kaɗai aka kama, wa zai tambayi yadda ake auna iska a filin? Wa zai tambayi wanda ya bar jirgi yana jigila cikin damina da wannan nakasu? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A Disamban 2019 tankar gas ta fashe tana sauke kaya a wata masana'antar tayil da ke Bahri, ƙetaren kogi daga Khartoum da Omdurman. Mutum 23 aƙalla suka mutu, fiye da 130 suka jikkata, da yawansu 'yan Indiya ne da suka zo neman abinci. Gwamnati da kanta ta ce wurin ba shi da kayan kariyar da suka wajaba, kuma an jibge kaya masu saurin kama wuta ba bisa ƙa'ida ba. Lebura ba ya sayen abin kashe gobara. Ba shi ke zaɓar inda za a ajiye kaya ba. Wannan shawarar ofis ce.

Ban ce a daina hukunci ba. Wanda ya zo aiki a buge, ko ya cire kariya da gangan, ya amsa laifinsa. Amma kuskuren mutumin da ya gaji, ko aka ba shi bayanin da ba daidai ba, daban yake da ganganci. In aka haɗa su wuri guda, ma'aikata sukan koyi abu ɗaya: yin shiru. Wanda ya ji warin gas yau ba zai faɗa ba, don kada a ce shi ya bar bututun a buɗe. Shi ya sa ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ce ana binciken hatsari ne don hana aukuwar wani, ba don rabon laifi ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya ragargaza unguwar masana'antu ta Bahri da wuraren sana'a da dama a Omdurman. Masu sake gina su za su yi aiki da tsofaffin injina da wayoyin lantarki da aka yi wa faci, cikin gaggawa da ƙarancin kuɗi. Hatsari zai zo. Idan ya zo, kada mai masana'anta ya zaɓi 'yan kwamitin bincike, a saurari leburori ba tare da barazanar kora ba, a buga rahoton kowa ya karanta, kuma a rubuta sunan wanda ya sa hannu kan kasafin kayan kariya.