Sharhi: Wa ke da alhakin ɗaliban jami'ar Tawa idan dare ya yi?

A duk farkon shekarar karatu, muhawara kan jami'o'in Nijar takan tsaya ne a kan abubuwa uku: kuɗin alawus da hukumar ANAB ke biyan ɗalibai, abinci, da kuma ƙarancin gadaje a ɗakunan kwana. Babu wanda zai ce waɗannan ba su da muhimmanci. Sai dai akwai wata tambaya da ba a cika yi ba, alhali ita ce ke hana iyaye barci a ƙauyukan Adar: bayan malamai sun koma gida, ma'aikata sun rufe ofis, wane ne ke da alhakin ɗaruruwan matasan da ke kwance a masaukin jami'a?

A wasu ƙasashe amsar wannan tambaya muƙami ne mai zaman kansa: daraktan masauki, wato ma'aikacin da gidansa ke cikin ginin da ɗalibai ke kwana. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa na daga cikin wuraren da ya kamata a fara tattauna wannan aiki da gaske.

Jami'a ta matso kusa, amma ba ta kai ƙofar gida ba

Kusan shekara 40 jami'ar Yamai, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970, ita kaɗai ce jami'ar gwamnatin Nijar. A 2010, lokacin mulkin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, aka kafa jami'o'in Tawa, Maraɗi da Damagaram a kan cibiyoyin koyon fasaha na IUT da suka fara aiki tun 2008. A 2014 aka ƙara huɗu a Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Ta Tawa, wadda ta yi fice a fannonin shari'a, tattalin arziki da horon malamai, yanzu tana ɗauke da sunan Farfesa Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin ƙasar Adar.

Wannan ya rage wa ɗan Adar tafiyar fiye da kilomita 500 zuwa Yamai. Amma ga wanda ya fito daga Tebaram, Takanamat, Tillia ko Cintabaraden, birnin Tawa ba wurin da ake zuwa da safe a dawo da yamma ba ne. Idan bai samu gado a jami'a ba, ko dai ya raɓe a ɗakin aboki, ko ya sauka gidan ɗan'uwa, ko ya kama haya. Kuma a yankin da ya shahara da tafiya bida, kuɗin wannan hayar sau da yawa daga Abijan, Libiya, Aljeriya ko Legas yake fitowa. Yayan da ke turo kuɗi daga can yana da haƙƙin sanin wanda zai kira idan wayar ƙanwarsa ta daina shiga.

Yadda tsarin yake a yanzu

Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda aka raba jami'a gida biyu. Shugaban jami'a da malamai na kula da karatu. Kwana, abinci, motocin ɗalibai, shan magani da wasanni kuwa suna hannun wata hukuma ta daban: cibiyoyin CROU.

Tsari ne da aka gina a kan hidima: a raba ɗakuna, a sayar da tikitin abinci, a gyara famfo, a biya masu gadi. Duk waɗannan ayyukan rana ne. Matsalolin masauki kuwa yawancinsu na dare ne: zazzaɓin da ya yi tsanani da ƙarfe biyu, faɗa tsakanin 'yan ɗaki, sata, wayar wuta da ta yi tartsatsi, baƙon da ba a san shi ba a ɓangaren mata. Mai gadi na iya rufe ƙofa, amma ba shi da ikon yanke hukunci. Darakta na da iko, amma idan gidansa na cikin gari, kafin ya iso abin da zai faru ya faru.

Darasin Yamai

Wuri ba ya zama babu mai iko. Inda hukuma ta ja baya, wani ne zai cike gurbin, kuma a Yamai ƙungiyar ɗalibai ce ta cike shi. Tsawon shekaru, kwamitin CASO na ƙungiyar ɗaliban jami'ar shi ne ya zama tamkar 'yan sandan harabar: shi ke tsara layi, shi ke kula da shiga motoci, shi ke hukunta wanda ya saɓa.

Wannan iko yana da tushe. Ƙungiyar USN ta biya farashi mai tsada a tarihin ƙasar, musamman ranar 9 ga Fabrairun 1990 da aka kashe ɗalibai uku a gadar Kennedy, lamarin da ya taimaka wajen buɗe ƙofar siyasar jam'iyyu da yawa. Tun daga nan ɗalibai ke kallon duk wani mai kaki a harabar jami'a da idon zargi.

Amma iko ba tare da mai bin diddigi ba yana da nasa haɗarin. A Fabrairun 2018 malaman jami'ar Yamai, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta SNECS, sun shiga yajin aikin da ya kai kusan wata guda, bayan sun zargi 'yan CASO da cin zarafin wani malami. An kori shugabannin ɗalibai biyar, aka amince jami'an tsaro su shiga harabar, kuma a watan Afrilu rikici ya ɓarke har aka rufe masaukin. Shekara guda kafin nan, ranar 10 ga Afrilun 2017, ɗalibi Mala Bagalé ya rasa ransa a wata zanga-zangar neman kyautata rayuwar ɗalibai, aka kuma rufe harabar.

A duka lokutan biyu zaɓi biyu kawai aka gani: ko dai ɗalibai su mulki kansu, ko kuma a turo jami'an tsaro. Abin da ya yi ƙaranci shi ne na tsakiya, wato farar hula mai iko a rubuce, wanda ɗalibai suka san fuskarsa domin tare suke kwana, kuma hukuma za ta iya tuhumarsa idan ya yi sakaci. Masaukin Tawa bai kai na Yamai girma da tsufa ba, don haka gyara ya fi sauƙi tun ɗabi'u ba su kafu ba.

Mene ne ainihin aikin?

A jami'o'in Amurka, inda muƙamin ya fi kafuwa, daraktan masauki kan kasance mai digiri na biyu, ana ba shi ɗan gida a cikin ginin baya ga albashi. A ƙarƙashinsa akwai manyan ɗalibai da aka horar, kowanne da rukunin ɗakunan da yake kula da su, ana saka musu da ɗaki kyauta ko rangwame. Daraktoci na karɓa-karɓa wajen riƙe wayar gaggawa, ta yadda babu daren da za a kira a rasa mai ɗauka.

Su ma sai da suka ga uwar bari. A 1986 an kashe wata ɗaliba, Jeanne Clery, a cikin ɗakinta a jami'ar Lehigh, bayan an bar ƙofofin ginin a buɗe. Fafutukar iyayenta ce ta haifar da dokar 1990 da ke tilasta wa jami'o'i rubuta laifukan da aka aikata a harabarsu tare da bayyana su ga jama'a a kowace shekara.

Sai dai Bahaushe ba ya buƙatar zuwa Amurka kafin ya fahimci wannan aiki. Duk wanda ya taɓa sauka a zango a Kumasi ko Sabo ta Ibadan ya san maigida: shi ke ba baƙo makwanci, shi ke tsaya masa, shi ke sasanta rigima, kuma shi hukuma ke nema idan baƙonsa ya shiga matsala. Darajarsa ta dogara ne a kan cewa yana nan, kuma ya san kowa da sunansa. Daraktan masauki maigida ne, amma mai albashi da dokoki a rubuce.

Abin da ya sa Tawa ta fi buƙata

Na farko, tsaro. Ranar 21 ga Maris 2021 'yan bindiga sun kashe mutum 137 a wasu ƙauyukan yankin Tillia, kamar yadda gwamnati ta sanar. Akwai ɗaliban da suka fito daga irin waɗannan yankuna, waɗanda komawa gida hutu ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, wasu kuma na ɗauke da baƙin cikin da ba su faɗa wa kowa ba. Rufe masauki kwatsam, kamar yadda aka yi a Yamai, na nufin jefa irin waɗannan a titi. A tsallaken iyaka kuma, a Satumban 2023 an sace ɗalibai mata fiye da 20 na jami'ar tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida, sannan a farkon Oktoba aka sace biyar na jami'ar Dutsinma, su ma a wajen harabar makaranta. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abu na farko da ake nema a irin wannan dare shi ne sahihin jerin sunayen waɗanda ke kwance a kowane ɗaki, har da 'yan raɓe.

Na biyu, lafiya. Tawa na cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla a lokacin zafi, kuma cunkoso a ɗaki na daga cikin abubuwan da ke yaɗa shi. A 2015 cutar ta kama fiye da mutum 8,000 a Nijar, ta kashe sama da 500. Ciwo ne da 'yan sa'o'i ke raba rayuwa da mutuwa. Wanda zai gane alamun, ya samo mota zuwa babban asibitin jihar, ya sanar da hukumar lafiya, dole ya kasance kusa. Haka nan zafin Afrilu da Mayu da kan haura digiri 40, ga yankewar lantarki irin wadda aka sha bayan Najeriya ta katse wuta a Agustan 2023, duk suna tura ɗalibai ga kyandir, risho da jone-jonen waya.

Na uku, 'yan mata. Alƙaluman UNICEF sun nuna cewa kusan uku cikin huɗu na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Yarinyar da ta tsallake wannan ta kai jami'a ta riga ta ci babban yaƙi. Gwamnatin Bazoum Mohamed ta gina manufarta ta makarantun kwana na 'yan mata ne a kan fahimtar cewa uba ba ya sakin 'yarsa sai ya san inda za ta kwana da wanda zai kula da ita. Wannan tunani ba ya ƙarewa ranar da aka ci jarrabawar BAC. Mace babba mai iko da ke zaune a ɓangaren mata na iya zama dalilin da zai sa wani dattijo a Tebaram ya ce "ta tafi".

Inda abin zai iya lalacewa

Muƙamin na da haɗurra, kuma ɗalibai na da hujjar yin ɗari-ɗari. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙasar na hannun soja, an kuma rusa jam'iyyun siyasa. A irin wannan yanayi, idan aka fahimci cewa daraktan masauki kunnen gwamnati ne, babu ɗalibin da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Dole takardar aikinsa ta fayyace cewa tarukan ƙungiya da ra'ayin siyasa ba huruminsa ba ne.

Haɗari na biyu shi ne rabon ɗakuna. Inda gado ya yi ƙaranci, mai rabawa na fuskantar matsin lamba daga 'yan'uwa, manya da masu kuɗi. Mafita ita ce a raba ayyukan: kwamitin da ya ƙunshi CROU da wakilan ɗalibai ya yi rabo bisa ƙa'idojin da aka liƙa a bango, darakta kuma ya kula da rayuwar waɗanda aka bai wa.

Na uku ya shafi ma'aikacin kansa. Wanda gidansa ne wurin aikinsa ba ya tashi daga aiki. Ko a Amurka masu wannan muƙami ba su cika daɗewa a kai ba saboda gajiya. Idan aka ɗauki mutum ɗaya aka damƙa masa gine-gine da yawa, ba mataimaki, ba ranar hutu, ba mota, ba kuɗin ko-ta-kwana, to an samar da wanda za a ɗora wa laifi ne kawai. Aikin na buƙatar aƙalla mutum biyu masu karɓa-karɓa, horo kan agajin gaggawa da sasanci, da gidan da mai iyali zai iya zama.

Daraktan masauki ba zai maye gurbin sabbin gine-gine ba, ba zai kuma biya bashin alawus ba. Amma idan aka kwatanta da kuɗin gina bene guda, albashin ma'aikata kaɗan da gyaran ɗakuna biyu ba wani abu ba ne, kuma jami'ar da ke horar da malamai da masana shari'a ba za ta rasa waɗanda za ta ɗauka daga cikin tsofaffin ɗalibanta ba.

Kafin a kai ga haka, akwai tambayoyi uku da iyaye da masu turo kuɗi daga waje za su iya yi wa CROU da ƙungiyar ɗalibai tun yanzu: wace lamba ake kira da dare, wane ma'aikaci ne ke ɗauka, kuma a ina ake rubuta abin da ya faru. Amsar da aka bayar ita za ta nuna ko masaukin na da maigida.