Labulen buhu: rufin asiri da kayan gida

A Turai da Amurka akwai masu mayar da motar bas ɗakin kwana, su yi ta yawo da ita gari-gari. Wasu daga cikinsu ba sa sayen labulen tagogi, tsohon zanin gado suke yankawa su ɗinka. Mu ma muna da irin buƙatarsu: ƙofar ɗaki da ke kallon tsakar gida, makewayin da ƙyaurensa ya ɓalle, ko gefen A Daidaita Sahu idan ruwa ya sauko. Kayan aikin kuma suna kusa da mu.

Duk wanda ya taɓa bi ta Dawanau, a kan hanyar Kano zuwa Katsina, ya ga buhunan masara, gero, wake da riɗi jibge a kasuwar da ake lissafawa cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Idan buhu ya huje, ya gama aikin hatsi, amma yana iya zama labule.

Sai dai ba kowane buhu ba. Ku guji na taki da wanda aka zuba wa maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a jikinsa. Buhun da ya sha maganin bai kamata ya rataya inda jariri ke barci ba. Ku nemi na shinkafa, sukari ko fulawa, ku wanke da omo, ku shanya a rana.

Ga yadda ake yi. Ku auna ƙofar, ku ƙara taƙi ɗaya a kowane gefe don kada a riƙa leƙowa. Ku farke buhu biyu, ku haɗa su da basilla da zare mai ƙwari. Ku naɗe bakunan kafin ɗinki, in ba haka ba za su yi ta zarewa. Daga nan ku shimfiɗa tsohuwar atamfa a kai, da izinin Umma, ku ɗinke su tare. A sama ku bar kafar da igiya ko sanda za ta shiga. A ƙasa ku zuba 'yan tsakuwa cikin naɗin, don kada iskar hunturu ta riƙa ɗaga shi.

Me ya sa sai an ninka biyu? Da rana waje ya fi ɗaki haske, ko siririn ƙyalle ya isa. Da dare kuwa lamarin juyawa yake yi: fitila na ciki, na waje yana ganin inuwar mai canja kaya. Saboda haka ku gwada labulenku bayan isha'i. Ku kunna tocila a ɗaki, ƙaninku ya tsaya bayan labule, ku fita ku duba. In kun ga inuwarsa, ku ƙara wani zanin.

Gargaɗi ɗaya: buhun nan roba ne, wuta na narkar da shi nan take. Kada ku rataye shi kusa da murhu, kyandir ko maganin sauro na kunnawa.

Wanda ya ɗinka nasa a hutun nan, ya rubuto mana yadda gwajin dare ya kasance. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.